Ma'aikata nawa ake buƙata kafin a harba roka? Laccar da aka rubuto daga rikodin

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla, a ɗan rage ƙarar fankar nan. Yau maganar kamfanonin sararin samaniya za mu yi, amma injin roka ba shi ne gabanmu ba, mutanen da ke ƙera shi su ne gabanmu, wato kowane kamfani mutum nawa yake biya albashi kuma me yake fitarwa da su. Abu huɗu na tsara, in lokaci ya bari.

Na farko, mu fara da ma'auni. Lokacin da Amurka ta kai mutum duniyar wata a 1969, shirin Apollo ya ci mutane wajen dubu 400, kamfanoni da jami'o'i kusan dubu 20 ne suka sa hannu. Amma ita hukumar NASA kanta ma'aikatanta na gwamnati ba su kai dubu 40 ba ko a lokacin da ta fi cika, duk sauran na 'yan kwangila ne. Ku riƙe wannan da kyau don a kansa duk maganar yau take tafiya. A 2024 ma NASA ɗin wajen dubu 18 take da su.

To yanzu kamfanoni. SpaceX na Elon Musk, an kafa shi 2002, a 2023 ma'aikatansa sun ɗan haura dubu 13. Blue Origin na Jeff Bezos mai Amazon, ya ma girmi SpaceX don tun 2000 aka kafa shi, ya kai wajen dubu 14 kafin a Fabrairun 2025 ya sallami kashi 10 cikin ɗari. Rocket Lab da Peter Beck ya kafa a New Zealand a 2006, mutum dubu 2 da 'yan kai. ULA, wanda Boeing da Lockheed Martin suka haɗa hannu suka kafa a 2006, bai kai dubu 3 ba. Sai ka tsallaka Rasha, Roscosmos, hukumar sararin samaniyarsu, mutum wajen dubu 170. Eh, dubu ɗari da saba'in, ba kuskuren baki na yi ba. Babban kamfanin gwamnatin China, CASC, shi ma kusan haka. ISRO, hukumar sararin samaniyar Indiya, kuma tsakanin dubu 16 da 17.

Mu Hausawa muna cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ko? To mu gwada. A 2024 SpaceX ya harba rokokin Falcon sau 134, wato fiye da rabin duk abin da duniya ta harba zuwa falaki a shekarar. China gaba ɗayanta sau 68. Rasha sau 17. Rocket Lab ɗin nan mai mutum dubu 2, sau 16, ɗaya kacal Rasha ta fi shi! ULA sau 5. Blue Origin kuwa a shekarar bai kai roka ko ɗaya falaki ba, sai a Janairun 2025 rokarsa New Glenn ta tashi karon farko, shekara kusan 25 da kafa kamfanin. Na ga wani yana ta danna kalkuleta a waya, yana raba ma'aikata da yawan harbi (dariya). Ka dakata ɗan'uwa, wannan rabawar ita ce tarkon, kuma a kanta nake so in daɗe.

Domin lambar da kamfani ya ce ita ce yawan ma'aikatansa, tambayar farko ita ce wa aka ƙirga, wa aka bari a waje? Ku ɗauki masu fura biyu. Ɗaya ita ke noma geronta, a gidanta ake sussuka, a surfa, a daka, a kirɓa, ga shanunta ana tatsa, in ka ƙirga hannun da ke aiki a gidan sai ka samu ashirin. Ɗayar kuma dunƙulalliyar fura take sarowa, nono ma saye take, ita da 'yarta ne kawai. Za ka ce ta biyun ta fi iya aiki don su biyu ne? Ai hannuwan suna nan, a gidan wasu suke, kuma kuɗinsu yana cikin farashin da take biya.

To haka ULA yake. Mutum ƙasa da dubu 3, amma ba shi ke ƙera injinan rokarsa ba. Shekaru da yawa rokar Atlas V da injin Rasha take tashi, RD-180, wanda kamfanin Energomash ke yi a kusa da Mosko. Ku tsaya ku ji wannan da kyau, rokar da ke ɗaukar taurarin leƙen asirin Amurka, injinta daga Rasha! Sabuwar rokarsu Vulcan da ta fara tashi a Janairun 2024 kuma injinta BE-4 ne, wa ke ƙera shi? Blue Origin. Kun ga kenan a cikin dubu 14 ɗin Bezos akwai waɗanda guminsu ya riga ya isa falaki amma da tambarin wani kamfani a jikin rokar, in ka raba da kalkuleta sai ka cuce su ka ƙara wa ULA abin da ba nasa ba. A Turai ma haka ne, Arianespace da ke sayar da harbi daga Kourou a Giyana ta Faransa mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, amma ArianeGroup da ke haɗa rokar wajen dubu 8 ne, a bayansu kuma ga ɗaruruwan kamfanoni a ƙasashe fiye da goma, kowace ƙasa tana so a ba masana'antunta aiki daidai kuɗin da ta zuba.

SpaceX shi ya ɗauki hanyar mai noma geronta. Injin Merlin su ke yi, injin Raptor su ke yi, jikin roka, na'urorin sarrafa ta, manhajar kwamfuta, kumbon Dragon mai ɗaukar 'yan sama jannati, har taurarin Starlink masu ba da intanet da farantin da ake kafawa a saman gida, duk a cikin gida. Suna sayen kaya a waje mana, babu wanda ba ya saye, amma babban aikin nasu ne. Shi ya sa dubu 13 ɗin nan take burge ni, wallahi tana burge ni, don lamba ce da ta haɗiye abin da wasu ke ɓoyewa a wurin 'yan kwangila kuma duk da haka ba ta kumbura ba. In injiniya ya ga wani bawul yana ba da matsala ba sai ya rubuta wasiƙa zuwa wani kamfani a wata jiha an yi wata uku ana zaman sake farashi ba, tashi zai yi ya taka zuwa wurin wanda ya ƙera shi su zauna su gyara. Wannan saurin ba ya fitowa a lissafin ma'aikata amma shi ne komai. Sannan ga dawo da roka, tun Disambar 2015 suka fara saukar da kashin farko na Falcon 9 a tsaye, yanzu akwai waɗanda suka tashi fiye da sau 20. Mutanen da da za su zauna ƙera sabuwa kowane harbi, yanzu dubawa suke su gyara su mayar. Kuma ku tuna a 2008, lokacin da Falcon 1 ta isa falaki a gwaji na huɗu bayan uku sun faɗi, kamfanin duka 'yan ɗaruruwan mutane ne.

Amma in faɗi gaskiya, akwai abin da ake biya. An san kamfanin da dogon lokacin aiki, mutane suna gajiya su bar shi, kuma a 2023 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da bincike kan ɗaruruwan raunuka da ma'aikata suka ji a wurin aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, in mutum kaɗan suka yi aikin mutum da yawa to wani ne ya ɗauki nauyin a jikinsa.

Na biyu... a'a na uku ne ko? To ko ma na nawa ne, Rasha. Dubu 170 ɗin Roscosmos gadon Tarayyar Sobiyet ne, masana'antu ne birjik aka tattara a inuwa ɗaya, akwai garuruwan da in ka rufe masana'antar ka rufe garin. Wasunsu makamai masu linzami suke ƙerawa, kai har masana'antar Ust-Katav mai ƙera taragon cikin gari tana ƙarƙashinsu. CASC ma tana yin kayan soja. Don haka ba duka ke aikin harba tauraro ba. Haka Boeing, in ka ji dubu 170 kada ka ruɗe, yawancinsu jirgin fasinja da na yaƙi suke yi, Lockheed Martin wajen dubu 120 ne amma sashen sararin samaniya dubu 20 da wani abu. Indiya kuma, da sauri, ma'aikatan ISRO sun fi dubu 13 ɗin SpaceX na 2023 yawa, kuɗinsu ne kaɗan, na'urarsu Chandrayaan-3 da ta sauka a duniyar wata ranar 23 ga Agustan 2023 wajen dala miliyan 75 ta ci. Ƙaranci kuma ba ya tsare kowa, masu kamfanin roka na Virgin Orbit ba su kai mutum dubu ba suka durƙushe a 2023. An ɗago min takarda, saura minti biyar. Eh Malama, bismillah.

(Tambaya daga zaure: Malam, duk dubban nan da ka lissafa, ɗan Najeriya da ya karanta injiniyanci zai iya samun gurbi a ciki?)

Yauwa, Allah ya yi miki albarka, na bar na huɗun, wannan ta fi. A kamfanonin roka na Amurka ƙofar a ƙuntace take, akwai dokar da suke kira ITAR wadda ta ɗauki fasahar roka tamkar makami, shi ya sa yawancin guraben sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Amma roka ai ɗan yanki ne na harkar, mafi yawan aiki da kuɗi suna wurin tauraron ɗan'adam, tashoshin ƙasa, da sarrafa hotunan da ake saukowa da su. Kuma mun taɓa yi. Hukumar sararin samaniyarmu NASRDA an kafa ta 1999, tauraron NigeriaSat-1 ya tashi 2003, kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera shi. Sai aka tura injiniyoyinmu sama da 20 can Surrey suka koya, da hannunsu suka haɗa NigeriaSat-X, aka harba shi daga Rasha a Agustan 2011. Mutum ashirin da 'yan kai fa, Malama, ba dubu ba. Starlink kuma da ya shigo Afirka a 2023 da Najeriya ya fara, ana buƙatar masu kafawa da masu kula da sadarwa. In kina neman shawarata, ki riƙe lantarki da rubuta manhaja da karanta hoton tauraro, don masu aikin noma da ambaliya da taswirar filaye suna neman wanda ya iya. Sauran tambayoyin mu haɗu a waje bayan sallah, an kira la'asar.