Tenzing Norgay, Ɗan Dakon da Ya Taka Ƙololuwar Everest

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan wannan bawan Allah, Tenzing Norgay, in lokaci ya bari.

Na farko, ranar 29 ga Mayu, 1953, shi da Edmund Hillary, wani mai kiwon zuma daga Niyu Zilan, suka zama mutanen farko da suka taka ƙololuwar tsaunin Everest, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a duniya, mita 8,848. Wannan kam ko yaro ma zai haddace.

Amma jama'a, ɗan dako ne. Ku ji ni da kyau, ɗan dako! Yana ƙarami kiwon shanun tsauni yake yi, bai taɓa zaman aji ba. A 1935 Turawan Ingila suka ɗauke shi a garin Darjeeling na Indiya don ya yi musu dakon kaya a tafiyarsu ta Everest, tun bai fi shekara ashirin ba. Su suna tafe da sanda, shi da kaya a gadon baya. Ya je, ya dawo. Ya sake zuwa, ya dawo. Sau shida ke nan, bai kai ƙololuwa ba. Wanda ya taɓa hawa dutsen Dala ya tsaya rabin hanya yana haki, ya ɗaga hannu. Alhaji, na gan ka, kada ka ɓoye. (Dariya.)

Tafiyar 1952 ita ce ta fi taɓa ni. Shi da Raymond Lambert, mutumin Suwizalan, suka kwana a ɗan tanti, ba abin rufa na kirki, ba murhu, da kyandir suke narka ƙanƙara su jiƙa maƙogwaro. Da safe suka yi ta jan jiki har ya rage saura mita kamar 250 su kai ƙololuwa, ƙarfi ya ƙare, suka juyo. Yana kallon wurin da idonsa fa! Da wani ne ya ce ba rabo. Shi kuwa da kaka ya koma, ya sake juyowa, a shekara mai zuwa ya koma na bakwai, da jan gyalen Lambert a wuyansa.

Na uku... a'a, na biyu ko? Makarantar koyar da hawan tsauni da aka buɗe a Darjeeling a 1954, shi ya riƙe horon ɗalibanta shekaru da yawa. Ya rasu a 1986. Na'am, ɗana?

"Malam, cikin su biyun wa ya riga takawa?"

Tambayar da 'yan jarida suka yi ta damunsu da ita ke nan. Daga baya Tenzing da bakinsa ya ce Hillary ne, shi yana biye, igiya ɗaya ta ɗaure su. Minti goma sha biyar suka yi a can. Ya tona ƙanƙara ya binne alewa, sadaka bisa addininsa na Buddha. Hoton da duniya ta sani kuma na Tenzing ne shi kaɗai, ya ɗaga gatarinsa da tutoci, don Hillary ne ke riƙe da kyamara. Akwai wata tambayar? Hajiya, bismillah.