Amsoshin Tambayoyinku: Na bar shago, haraji bai bar ni ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku.

Wasiƙarmu ta farko daga birnin Manchester na Ingila ta fito, daga wani bawan Allah mai sayar da shadda da atamfa. Ya ce tun watan Yuni ya kwashe kayansa ya miƙa wa mai gida makulli, kwatsam sai ga sammaci daga kotun majistare, wai ƙaramar hukuma na bin sa harajin wurin kasuwanci. Ya buga waya har ya gaji, yau a ce ana dubawa, gobe a ce ai an aiko masa da takarda. Ashe can tsohon shagon takardun suka taru a bayan ƙofa, har ƙura ta rufe su. Yana tambaya: wa ya kamata ya biya, kuma ina zai kai kukansa?

To Malam, sannu da haƙuri. Wannan haraji tun 1990 ake karɓarsa a yadda yake yanzu, kuma hukumomi biyu ne ke da hannu a ciki. Ofishin gwamnati mai kimanta kadarori, wanda aka sani da VOA, ba Muryar Amurka ba fa, shi ke yanke darajar hayar shago. Ƙaramar hukuma kuma ita ke aiko da takardar biya a watan Fabrairu ko Maris, ta karɓi kuɗin.

A ƙa'ida, wanda ke cikin shago shi ke biya. Idan shago ya zama fanko, ana ɗaga masa ƙafa na wata 3, ma'ajiyar kaya da masana'anta kuwa wata 6. Daga nan sai nauyin ya hau kan wanda doka ta ba ikon riƙe wurin. A nan mutanenmu da yawa ke faɗawa rami. Miƙa makulli daban, ƙarewar yarjejeniyar haya daban. In wa'adin hayarka bai cika ba, kuma babu rubutacciyar shaida cewa mai gida ya karɓi abinsa, to a idon hukuma har yanzu shagon naka ne. Don haka ka lalubo takardar hayar yau ɗin nan, ka duba ranar ƙarewarta.

Batun rashin sanar da kai kuwa, in ka riga ka ba ma'aikatan ƙaramar hukuma sabon adireshi suka ci gaba da aika takardu tsohon wuri, lallai ba su kyauta ba. Ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka daina dogaro da waya, don maganar waya iska ce. In amsarsu ba ta gamsar da kai ba, akwai ofishin Ombudsman mai bin kadin ƙorafi kan ƙananan hukumomin Ingila, kyauta ne, kuma yawanci cikin wata 12 ake so a kai masa. Sai dai ka sani, ƙorafi ba ya tsayar da shari'a. Ranar da sammaci ya ce, ka je kotu da takardunka a hannu. In ba ka je ba, za a iya ba hukuma izinin karɓar kuɗin, masu karɓar bashi su biyo ka, a kuma ɗora maka ladarsu.

Sai wata baiwar Allah mai shagon kitso a unguwar Peckham ta Landan, ta ce maƙwabciyarta ba ta biyan ko kwabo, ita kuwa ana cajin ta. Hajiya, duba darajar hayar da aka yanka wa shagonki. In fam 12,000 ce ko ƙasa, kuma shi kaɗai kike da shi, kin cancanci a yafe miki duka. In ta wuce haka amma ba ta kai fam 15,000 ba, ragi za a yi miki. Rubuta wa ƙaramar hukumarku ki nema, kada ki jira su tuna da ke.