Ina gwangwani na biyu?

Ku dubi dantsen nan. An ɗora mayen ƙarfe daidai inda aka yi allurar rigakafin korona, ya manne, bai faɗo ba. Irin wannan bidiyo, mai cewa wai rigakafin ne ke sa shi mannewa, ya cika wayoyi a 2021, bayan rigakafin ya iso Najeriya a watan Maris, kuma har yau yakan sake ɓullowa a zaurukan WhatsApp. A ƙarƙashinsa za ka ga an rubuta: "Ai ga gwaji nan, gani ya kori ji." Har da 'yan sakandare masu karatun kimiyya cikin masu turawa.

To, mu ɗora shi a ɗaya hannun, wanda allura ba ta taɓa ba. Ya manne. A goshi ma ya manne. Yanzu a shafa hoda a wurin, a sake ɗorawa. Kun ji ƙararsa a ƙasa. Gumi ne da maiƙon fata suka riƙe shi, wanda kuwa ya san zafin Gombe a watan Afrilu ya san gumi ba ya wuyar samu.

Matakan binciken kimiyya duk ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya haddace su: ka lura, ka yi tambaya, ka yi hasashe, ka gwada, ka rubuta abin da ka samu. Ga su nan a allo, ba sai mun tsaya kansu ba. Inda ake tuntuɓe shi ne na huɗu. Yawancinmu mun ɗauka gwaji shi ne a yi abu a ga abin da ya biyo baya. Wannan rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne a ajiye wani a gefe wanda ba a yi masa komai ba, don a san abin da zai faru ko da ba a taɓa shi ba.

Mu shiga aji. Tambayar yaran nan ita ce: tokar murhu tana sa wake saurin girma? Kayan aikin: gwangwanayen madara, ƙasa, gwangwani ɗaya na wake daga kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, da rula. Ko sisin kwabo ba a kashe wa ɗakin gwaje-gwaje ba.

Wannan yaron ya shuka nasa, ya barbaɗa toka, bayan mako biyu waken ya yi kore shar. Ya ce toka ta yi aiki. Malama ta yi masa tambaya ɗaya: "Ina wanda ba ka sa wa toka ba?" Shiru. Wake dai ko an sa masa toka ko ba a sa ba, in ya samu danshi da ɗumi cikin 'yan kwanaki zai tsiro. Da me za a auna wannan koren?

Sai aka kawo na biyu. Amma ku lura da inda aka ajiye su: mai toka a bakin taga yana shan rana, marar toka a ƙarƙashin benci. In na taga ya fi girma, wa za a yaba, toka ko rana? Ba mai iya rabewa, domin abu biyu aka canza lokaci guda. Dole ƙasar ta fito daga wuri ɗaya, irin ya zama ɗaya, zurfin shuka ɗaya, ruwa a auna shi da murfin gora iri ɗaya, su zauna kafaɗa da kafaɗa. Toka kaɗai za ta bambanta su. Ga wata can tana ƙara wa nata ruwa a ɓoye saboda tana son hasashenta ya ci. Mun gan ki.

Biyu ma ba su isa ba. Ƙwayar wake ɗaya tana iya zama mai ƙwari a ciki, ta ƙi fitowa, ka zargi toka a banza. Shi ya sa ake jera goma nan, goma can. Kuma kada yaro ya zaɓi manyan ƙwayoyi ya zuba a ɓangaren da yake so. A jefa ƙuri'a. A rubuta alamar a gindin gwangwani inda ba a gani, ranar awo a kira ɗalibin wani aji ya riƙe rular, wanda bai san wanne ne wanne ba. Ido yana da son kai, nawa ma haka.

A nan ba mu da hoto sai wannan zanen jirgin ruwa, don haka ku ba ni kunnuwanku. A 1747, wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya samu ma'aikatan jirgi 12 da ke fama da ciwon da ke kumbura dasashi ya sa shi zubar jini, wanda yanzu aka san rashin bitamin C ke kawo shi. Ya raba su biyu-biyu, gida shida, abincinsu ɗaya, wurin kwanansu ɗaya. Wasu ya ba su ruwan teku, wasu ruwan khal, biyu kuma ya ba su lemun zaƙi da na tsami. Kwana shida lemun ya ƙare, amma ɗaya daga cikin biyun nan har ya koma bakin aiki. Mutum biyu a kowane gida sun yi kaɗan, malamarmu ma da ta rage masa maki, sai dai ya jera su ya kwatanta. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemun tsami ga ma'aikatanta.

Mu dawo gida. A watan Agustan 2014 an tashi mutane da tsakar dare a waya: a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, maganin Ebola ne. Da yawa sun yi, kuma ba su kamu ba. Maƙwabcin da ya yi barcinsa bai tashi ba fa? Shi ma bai kamu ba. A duk ƙasar mutum 20 cutar ta kama, 8 suka rasu, a Legas da Fatakwal. Gishirin kuwa ya kwantar da mutane a asibiti, har an samu asarar rai. Haka mura take: mako guda zuwa kwana goma takan tafi da kanta, abin da ka sha a rana ta shida shi ke kwashe yabon.

Ni a ganina, malamai, laifin yana wurin yadda muke ba da maki. Yaro ya haddace gwajin ganye da aidin, na gano sitaci a cikin ganye, don WAEC ko NECO, ya zana shi tsaf, bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ake rufe wani ɓangaren ganyen ba. In yaran nan suka auna suka ga babu bambanci, ko ma toka ta ƙone wasu tsiron saboda an cika ta, su rubuta haka, a ba su cikakken maki. Hasashen a sa su rubuta shi da biro tun kafin shuka, don kada a gyara daga baya.

Masu son gwadawa a makarantarsu, ku huda gindin kowane gwangwani da ƙusa, ramuka daidai wa daida, don ruwa ya samu hanyar fita. Ku kuma ɗora su inda akuya ba za ta kai ba, domin ita ba ruwanta da wanne ne mai toka.