Siririyar kwamfuta da zafin Kumasi

Wani mai gyaran kwamfuta da ke da shago a unguwar Adum ta Kumasi ne ya gabatar da wannan lacca ga matasa a harabar wata makarantar Islamiyya da ke Aboabo, bayan sallar La'asar. An rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Malamanmu da iyayenmu da ke zaune a gaba, ina neman izininku. Ƙannena, sannunku da zuwa.

Wannan kwamfutar da ke hannuna ta wata ɗalibar jami'ar KNUST ce, aro ta ba ni. Ku dubi kaurinta, da ƙyar ta kai ɗan yatsana. Tun Janairun 2008 da Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple a lokacin, ya zaro kwamfutar MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a, sannan Intel ta biyo baya a 2011 da waɗanda ta kira Ultrabook, kowa siririya yake so. Ni ma ina son ta. Amma sirantar nan da wani abu aka saye ta: an rage wurin fanka, an rage hanyar iska, an manne kayan ciki da juna. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya shigo shagona cewa siririyar kwamfuta ba a cika iya ƙara mata ƙarfi ba, aikinka shi ne ka hana ta zubar da wanda ta zo da shi.

Tun a shago ake fara wannan aikin. Yawancin siraran nan, ram ɗinsu, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi, a manne yake da allon ciki, da dalma aka liƙa shi. Idan ka sayi mai giga 8, da giga 8 za ku rabu. Kada yaron shago ya ce maka "Alhaji ɗauki, daga baya ma ƙara." Tambaye shi ko akwai gurbin ƙarin, ya nuna maka. Windows 11 tana tashi da giga 4, amma tashi daban, aiki daban. Mai rubutu da kallon karatu a YouTube, 8 za ta riƙe shi. Mai zane ko haɗa bidiyon biki, ya daure ya kai 16.

Kuma mu gaya wa juna gaskiya, da yawa daga abin da muke kira sabuwa a Adum ta hannu ce daga Turai ko Amurka, wadda 'yan kasuwa ke cewa hom-yus. Ba laifi ba ne. Sai dai Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na takwas. Sannan ka buɗe baƙin allon umarni, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto a fayil, ka buɗe shi ka duba lamba biyu, abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da yake ɗauka yau. In na biyun ya faɗi rabi, ka san kuɗin batiri na jiranka, a rage maka sidi.

To, ka kawo ta gida. Ranar farko ba ranar nuna wa abokai ba ce. Jona ta da wuta, ka nemi inda akwai wayifai mai yalwa, ka bar ta ta sauke sabuntawarta duka, ta mutu ta tashi sau nawa take so. Za ta yi zafi, fanka za ta yi ta huci, za ta yi nauyi. Kada ka dawo mini da ita da gudu kana cewa an cuce ka, gyara ɗakinta take yi. Bayan nan, in da wayarka za ka riƙa ba ta intanet, ko MTN ko Telecel, shiga saitin wayifai ɗin ka kunna abin da aka rubuta Metered connection. In ba haka ba, datar da ka saya ta wata guda, kafin ka gama shan koko da ƙosai ta tafi.

Akwai abin da nake so ku buɗe kunne a kansa. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia ta kawo mini tata. Allon ciki ya lalace, muka canja, da muka kunna sai ga shuɗin shafi yana neman lamba 48. Wannan shi ne BitLocker, makullin da ke rufe duk abin da ke cikin ma'ajiya, kuma sababbin kwamfutoci da yawa da kansu suke kunna shi da zarar an shiga da asusun Microsoft. Na ce, "Hajiya, wa ya buɗe miki asusun?" Ta ce yaron da ya sayar mata. Da imel ɗinsa ya buɗe, shi kuwa ya daɗe da barin gari. Lissafin bashin da take bin mutane na shekara biyu yana ciki. Ta zauna a bencina ta riƙe haɓa, ni kuma ba abin da zan iya, don an yi makullin ne domin kada irina su iya buɗewa. Saboda haka asusu da hannunka za ka buɗe, da imel ɗinka. Lambar nan 48 ka kwafe ta a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar fili.

Tarkacen da kamfani ya cusa mata kuwa, cire su. Rigakafin bairos na gwaji da zai fara roƙon kuɗi bayan wata ɗaya, cire shi, Defender da ke cikin Windows ya ishi yawancinmu. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka duba jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar, ka kashe waɗanda ba ka buƙata. Manhajar sata da ake zuba muku a filas kuma, ban ce komai ba, malamai na zaune.

Yanzu ga babbar maganar, zafi. Injin da ke cikin nan, in zafinsa ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ba ya faɗa maka. Sai dai ka ga abin da ke buɗewa nan take ya koma jan ƙafa, ka ce kwamfuta ta tsufa, alhali shaƙe ta aka yi. Juyo ta ku gani. Waɗannan ƙananan ramukan na ƙasa, ta nan take shaƙar iska, ta fitar ta bayan nan wajen maɗaurin murfi. Ka ɗora ta a kan katifa, ko filo, ko darduma, ka toshe mata hanci ke nan. Kuma na san ku, a gado kuke karatu. Ku sa faranti ko katako a ƙarƙashinta. A kan tebur ma, ɗan ɗaga bayanta da littafi yadda iska za ta ratsa. Marfin kwalba biyu ma sun yi, ni su nake sawa a shago.

In hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke ƙarasa aikin. Makon jiya na buɗe wata, tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi na zaro wani abu kamar audugar katifa, ja-ja, ƙasar Kumasi zalla haɗe da zaren bargo. Mai ita har ya yi cinikin sabuwa. Da na share, na kunna, ya ce ba tasa ba ce. Ko sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a buɗe a share. Masu MacBook Air na zamani ba su da fanka sam, jikin ƙarfen ne ke fitar da zafi, su kada su lulluɓe ta da roba mai kauri.

Haka nan rufe murfi ba kashewa ba ne. Wasu na farkawa a cikin jaka, ka hau torotoro daga Tek zuwa Asawase, ka sauka ka tarar da ita kamar an ciro burodi daga tanda, batiri ya ƙare. In tafiya za ka yi, kashe ta gaba ɗaya.

Sai wuta. Wanda ya ga 2015 ba sai an fassara masa dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba. Ɗaukewar wuta ba ta cutar da ita, tana da batiri. Dawowar ce abin tsoro, don wani lokaci da ƙarfi take dawowa, ta wuce bolt 230 da muka saba. In an ɗauke, zare caja daga bango, in an kawo ka ɗan dakata. Cajar kuma a yi amfani da tata. Da yawansu wat 65 suke so ta USB-C, ƙaramin kan cajar waya ba zai ƙosar da ita ba, sai ta riƙa rage gudu, ko batiri na sauka alhali tana jone. In kana jin ɗan tsiri-tsiri a jikin ƙarfenta, duba ko soket ɗinka na da wayar ƙasa.

Batirin litiyam ba ya son zafi, ba ya son zama a cike kullum. Lenovo Vantage da MyASUS da ire-irensu suna da wurin da za ka tsayar da caji kafin ya cika, galibi wajen kashi 80. Mai zama a ofis ya kunna. Amma in layinku na yawan ɗaukewa, ni ban ga laifin ka cika ta ba, ashirin ɗin nan ita ce za ta ƙarasa maka aikin dare. In ka ga wurin shafa yatsa ya fara tasowa, batiri ne ya kumbura, kada ka danna, kawo ta.

Na ga hannu a baya. Na'am, ƙanwata?

Tana tambayar yadda za ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Windows na da allon rubutun Hausa a ciki. Shiga saitin harshe ki ƙara Hausa, ki riƙa sauyawa da maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara. Ki riƙe Alt na hannun dama ki danna k, ƙ za ta fito, haka d da b.

Malam yana nuna mini agogo, an kusa kiran Magariba. Mai sauran tambaya ya same ni a bakin ƙofa bayan salla. Mai kwamfutar nan kuma ta zo ta karɓi abarta, na ga tun ɗazu idonta na kanta.