Sirrin wasu da ke cikin wayarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayena, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci.

An ce in yi magana a kan kafofin sada zumunta da sirri. Da zarar an ambaci sirri, kowa nasa yake tunawa: kada a ga hotona, kada a karanta saƙona. Ni kuwa yau sirrin wasu nake so mu duba, wanda muke yawo da shi a aljihu.

Kowa ya tuna abin da ke cikin wayarsa. Akwai lambar mahaifiyarka, da ta surukinka, da ta limamin unguwarku. Akwai hoton matar yayanka ranar suna, ko mayafi babu, domin a tsakar gida aka ɗauka. Akwai saƙon murya da amininka ya turo cikin dare, muryarsa na rawa, yana faɗa maka halin da aurensa ke ciki. Duk cikinsu wa ya ce ka miƙa wa wani?

Iyayenmu da suka gina gida da zaure sun san abin da suke yi. Baƙo ya tsaya, ya yi sallama, sai an amsa. Aya ta 27 a Suratun Nur ita ma abin da ta koyar ke nan. To waya ba ta bi ta zaure ba, har ƙuryar ɗaki ta shiga, kuma mu muka kai ta da hannunmu.

Ku dubi manhajojin ba da bashi. Mutum ya matsu, yaro ba lafiya, ya sauke manhaja don ya ranci abin da bai taka kara ya karya ba. Kafin a ba shi sai ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa, wani lokaci har da hotuna. Ya danna amincewa bai karanta ba, wanda ke cikin matsi ina ya ga natsuwar karatu? Ranar biya ta wuce da kwana biyu, sai saƙo ya isa ga surukinsa da maigidansa a wurin aiki, ana kiransa ɓarawo, har da hotonsa. Shi ya ci bashin, amma dattijon da aka tasa daga barci da zagi me ya ci? Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta dirar wa irin waɗannan kamfanoni a 2022, Google kuma a 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane.

Manyan ma ba su tsira ba. A watan Yulin 2024 hukumar nan ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Muna kuma da dokar kare bayanai ta 2023. Madalla da wannan.

Sai dai, jama'a, akwai inda hukuma ba za ta riga mu isa ba. Mota ta kife a hanyar Zariya, kafin a ciro mutane an ciro wayoyi ana ɗaukar hoto. Uwa tana zaune a ɗakinta ta buɗe WhatsApp, ta ga gawar ɗanta kafin kowa ya zo ya yi mata magana cikin lallami. Wallahi wannan abu yana ci mini rai. Haka mara lafiya a gadon asibiti, an ɗauke shi da robar fitsari a gefe, an watsa wai neman addu'a ake yi. Niyyar mai kyau ce, na yarda, amma an tambaye shi? Haka hirar da mace ta yi da ƙawarta cikin amana, ranar da suka ɓata sai a ɗauki hoton hirar a jefa a zauren dangi, aure ya mutu a kan maganar bara.

Ɗalibai, ga aikin da zan ba ku kafin ku kwanta yau. Ku shiga saitin wayarku, wajen izinin manhajoji, ku ga waɗanda ke da damar ganin lambobinku da hotunanku da inda kuke. Duk wadda ba ta da hujjar gani, ku rufe mata. In kun gama naku, ku karɓi ta Baba da ta Inna ku duba musu, domin galibi ku kuka sauke musu manhajojin tun farko.

Yanzu sai mu saurari tambayoyi.