Talabijin da Dokar Lafiya ta Obama

Assalamu alaikum. Jama'a, a matso gaba, akwai kujeru.

Yau Amurka za mu je, shekarar 2009, lokacin da majalisa ke muhawara kan ƙudirin inshorar lafiya na gwamnatin Barack Obama, wanda aka fi sani da Obamacare. Daftarin da ke gaban majalisar wakilai ya haura shafi 1,000. Wa ke da lokacin karanta wannan? Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, abin da tasharsa ta faɗa masa shi ne dokar.

A cikin daftarin akwai sashe na 1233. Abin da ya ƙunsa shi ne Medicare, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, za ta biya likita idan dattijo ya nemi su zauna su tattauna irin jinyar da yake so a yi masa in ajali ya matso. Ba tilas, sai wanda ya ga dama. A watan Agusta, Sarah Palin, tsohuwar gwamnar Alaska, ta rubuta a Facebook cewa za a kafa kwamitin mutuwa, mai yanke wanda ya cancanci magani. Masu sharhi a Fox News, tashar talabijin mai karkata ga 'yan adawar Obama, suka ɗauka, dare bayan dare. Ku ɗan yi tunanin tsohuwa mai ciwon zuciya tana kallon wannan ita kaɗai a ɗaki. Wallahi abin yana taɓa ni.

Kada ku ce ɗaya ɓangaren ya wanke hannunsa. MSNBC, tashar da ke karkata ga ɓangaren Obama, ta fi ba da ƙarfi wajen nuna masu ihu a tarurrukan 'yan majalisa, ba ta matsa wa Obama yadda ya kamata ba kan alkawarinsa cewa duk mai son inshorar da yake da ita zai ci gaba da ita. A 2013 wasiƙun soke inshora suka fara isa gidajen mutane.

Wani zai tambaya, babu hukuma ne? Da akwai ƙa'idar da ta wajabta wa tashoshi jin ɓangarori biyu, hukumar FCC mai kula da kafofin sadarwa ta soke ta tun 1987, kuma dama ba ta hau kan tashoshin kebul irin su Fox News da MSNBC ba.

An zartar da dokar a Maris 2010, ƙuri'a 219 da 212 a majalisar wakilai, babu ɗan jam'iyyar adawa ta Republican ko ɗaya a cikin masu goyon baya. Shi kuwa sashen zaman likita da dattijo, tsoro ya sa aka jefar da shi. Sai a Janairun 2016 Medicare ta fara biyan kuɗin wannan zama.