Abin da gudumar roba ke gaya mana a gwiwa

Assalamu alaikum. Na baya ku matso gaba, don abin da zan nuna sai an gani da ido.

Malam, zo ka zauna a kan teburin nan, ka saki ƙafafunka su yi lilo. Yauwa. Kun ga inda na buga? Ba ƙoƙon gwiwa na taɓa ba, jijiyar da ke ƙasansa kaɗan na ƙwanƙwasa, ga ƙafa ta harba. Af, Hausa tana da rowa a nan: ta jini jijiya, mai kai saƙo jijiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya. Ta ƙarshen nan nake nufi.

Bugun yana ɗan miƙa tsokar cinya. A cikin tsokar akwai ƙananan sassa masu jin miƙewa, su suke tura saƙo zuwa laka, laka kuwa ta mayar da umarni nan take cewa tsokar ta tsuke. Ba a jiran ƙwaƙwalwa, sai ƙafa ta riga ta harba labari yake isa gare ta. Likitocin Jamus biyu, Wilhelm Erb da Carl Westphal, su suka bayyana wannan a 1875, kowa da nasa binciken.

To mene ne aikin ƙwaƙwalwa a ciki? Linzami ce. Ita ke riƙe laka kada ta wuce gona da iri. Idan ciwo ya taɓa can sama, kamar shanyewar ɓarin jiki, linzami ya kwance, harbin sai ya yi yawa. Wani ma idan ka tura tafin ƙafarsa sama da sauri ka riƙe, za ka ji tana ta kaɗawa a hannunka kamar mai taka keken ɗinki. Amma ku kula, a kwanakin farko na shanyewar harbin kan iya yin rauni tukuna, daga baya ya ƙaru.

Idan kuma ciwon a ƙasa yake, a kan hanyar saƙon kanta, sai ka buga shiru. Haka ake gani a shan inna, ƙafa ta saki laƙwas, harbi ya ɓace. Mai ciwon suga da ya daɗe, yawanci agara ce take fara yin shiru tun gwiwa tana amsawa, don haka kada ku bar dattijo ya tafi ba ku cire masa takalmi ba.

Muna rubuta ƙarfin harbin daga 0 zuwa 4, 2 shi ne daidai. Ni dai lambar ba ta dame ni kamar bambancin dama da hagu ba. Saurayi mai fargaba zai iya ba ka 3 a ƙafa biyu, lafiyarsa ƙalau. Ɗaya 3, ɗaya 1? Nan ne za ka tsaya ka sake dubawa. In kuwa mutum ya ƙanƙame jiki ba ka sami komai ba, ka sa ya sarƙe yatsun hannayensa ya ja da ƙarfi, kai kuma ka buga a daidai lokacin. Dabarar Jendrassik ke nan, likita ɗan ƙasar Hungary.

Ungozomomi, wannan naku ne. Mai ciki ko mai jego da jijjiga ta kama, aka sa mata magnesium sulphate, idan maganin ya yi mata yawa a jiki, harbin gwiwa ne ke fara ɓacewa kafin numfashi ya yi ƙasa. Kafin kowace allura ta gaba ku buga gwiwa, ku ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti, ku duba yawan fitsari. Gwiwa ta yi shiru, ku dakatar da allurar, ku kira likita, calcium gluconate kuma, maganin da ke karya ƙarfin magnesium ɗin, ya kasance a kusa. Babu guduma a ɗakin haihuwa? Gefen hannu ma yana yi, ga shi, ku duba yadda nake bugawa.

Malam, sauko, na gode. Ku rabu biyu-biyu, kowa ya gwada a gwiwar ɗan'uwansa.